Shekara 91 a Kan Littafi Ɗaya

Akwai kukan da muke yawan ji daga bakin ma'aikatan ikilisiya na wannan yanki, daga Bilbis da Tsafe har Bunguɗu da Gusau, duk sa'ad da aka ta da zancen rubutu. Wani ya ce ya fara rubuta tarihin ikilisiyarsu, gudun 'yan bindiga ya raba shi da takardun. Wani ya ce ya shirya darussan baftisma da Hausa, kuɗin bugawa ya gagara. Mafi yawa kuwa tambaya suke yi: ko an rubuta, wa zai karanta? Kukan nan na gaskiya ne, bai kuwa kamata a sallame shi da "a yi haƙuri" kawai ba. Bari mu amsa shi da tarihin littafin da kowannenmu yake buɗewa a gaban jama'a ran Lahadi, wato Littafi Mai Tsarki na Hausa. Daga 1841, shekarar da wani fasto Bajamushe ya hau Kogin Kwara yana koyon Hausa, zuwa 1932 da aka buga littafin cikakke, shekara 91 ke nan. Kusan duk waɗanda suka sa hannu a aikin sun mutu ba su ga masu karatunsu ba.

Mutumin da bai taɓa ganin Kano ba

Sunansa James Frederick Schön. An haife shi a Jamus a 1803, ya yi karatu a Basel, ƙungiyar mishan ta CMS ta aike shi Saliyo a 1832. A can ya binne matarsa ta fari, ya sake aure, ya binne ta biyu. A 1841 gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa su hau Kwara, aka sa shi a cikin tafiyar tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Tafiyar ta ƙare da makoki, gama zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Abin da Schön ya fito da shi daga wannan asara shi ne tabbacin cewa Hausa ce harshen da ya kamata a kama. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa da bayanin nahawu. A 1847 rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, bai ƙara komowa Afirka ba. Ya zama faston wani asibitin sojojin ruwa a garin Chatham, a can ya yi sauran aikinsa.

A dubi halin da yake ciki. Mutum yana fassara Maganar Allah cikin harshen ƙasar da bai taɓa takawa ba, babu ikilisiyar Hausawa ko ɗaya a duniya da take jiran aikin, babu wanda zai ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce. Da haka ya yi shekara wajen 40.

Taimako ya zo masa ta hanyar da bai shirya ba. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zaga Katsina da Kano da Sakkwato da Kukawa, ya koma Landan da samari biyu 'yantattun bayi, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana yaro aka sayar da shi a Barno. Shi ne ya zauna a gidan Schön har zuwa 1864, yana faɗa Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi. Daga zuwansa aikin ya yi sauri. Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni suka fito a 1857, Farawa a 1858, Fitowa a 1859, littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880. A 1885 aka buga Magana Hausa, inda labarin Dorugu yake da bakinsa. Faransawa sun ba Schön lambar yabo a 1877, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884, yana da shekara 81. Ya rasu a 1889, a lokacin ko ɗan mishan ɗaya bai zauna a birnin Hausa ba tukuna.

To, mu faɗi abin da masu yabo sukan tsallake. Fassarar Schön ba ta shiga hannun jama'a ba. Hausarsa ta mutumin da ya koya daga nesa ce, kunnensa bai rarrabe wasu sautuka da Bahaushe yake rarrabewa ba, waɗanda suka zo bayansa kuwa sai da suka sake aikin. Ba wanda yake karanta ta a sujada yau. Duk da haka ba wanda ya zo bayansa da ya fara daga fili. Nahawunsa da ƙamusunsa su aka riƙa yi wa gyara, mai gyara kuwa ya fi mai farawa sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Fasto da ya ƙi rubuta darasi domin yana jin Hausarsa ba ta kai ta 'yan jarida ba, ya tuna cewa rubutu mai kuskure ana iya gyara shi, wanda ba a yi ba kuwa ba a san inda za a kama shi ba.

Dorugu ya dawo gida, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sunansa ba ya kan bangon fassarorin nan. Za mu komo kan wannan.

Wuta

Abokin tafiyar Schön ma bai tsira ba. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidan Crowther a Legas, ta haɗa da fassarorinsa da ba a buga ba, da kalmomi da karin magana na Yarbanci da ya yi shekara 11 yana tarawa. Shekara 50 kafin wannan, a watan Maris na 1812, maɗaba'ar William Carey a Serampore ta ƙasar Indiya ta ƙone da rubuce-rubucen shekaru. Dukansu biyu sun sake zama sun fara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Irmiya. A sura ta 36 Baruk ɗan Neriya ya rubuta jawabin annabin a naɗaɗɗen littafi, aka kai wa sarki Yehoyakim yana jin ɗumi lokacin sanyi. Ana karantawa yana yanka da wuƙa yana jefawa a kasko, har littafin ya ƙare. Aka sake rubuta wani, har da ƙari. Wannan mun saba wa'azinsa. Sura ta 45 ce ba mu cika taɓawa ba, ita kuwa ta marubuci ce. A ciki Baruk yana kukan gajiya da rashin hutawa, amsar da ya samu kuwa ba ta da zaƙi. Ba a yi masa alkawarin suna ko masu karatu ba. An ce ya bar nema wa kansa manyan abubuwa a zamanin da ƙasa take rushewa, abin da za a ba shi shi ne ransa. Mai zama a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a shekarun nan ba ya bukatar a fassara masa wannan sura.

Lakwaja da Girku

Shekara goma da suka biyo bayan rasuwar Schön kaburbura ne. John Alfred Robinson, masanin da CMS ta sa rai zai ɗauki aikin fassara, ya mutu a Lakwaja a 1891 bayan ya yi aiki a kan Matiyu. Abokinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, ita ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya buga nahawu a 1897 da sabon ƙamus a 1899. A watan Disamba na 1893 kuma samari uku da suka fara SIM suka sauka Legas. Cikin kimanin shekara guda Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar zuwa Kano. Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka ja da baya zuwa Girku ɗin nan, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu, bukkokinsu kuma suka ƙone. A cikin waɗanda suka rage akwai wani likita ɗan shekara 28 wanda ya koyi Hausa a Tarabulus a bakin mahajjata da fatake.

Likita Miller

Walter Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya a 1905. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya kama fassara, ya yi kusan shekara 30 a kanta. Ya fi Schön sa'a ta wajen abu ɗaya babba: yana zaune cikin Hausawa, yana jin Hausa a kasuwa da zaure, yana da malamai da ɗalibai da za su ce masa Bahaushe ba ya faɗin haka. A cikin waɗanda suka tashi a hannunsa akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Amma wahalarsa ta wani fanni ta fi ta Schön ciwo, domin shi ya ga amfanin gona ya tsiro, ya kuma ga ya bushe. Wajen 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka neme shi. Su ne zuriyar almajiran wani malami, Ibrahim, da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda girman da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ya zama ƙauyen Hausawa masu bi, abin da aka yi shekara 70 ana addu'a a kansa. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya shiga garin ya kashe mutane da yawa, sauran suka watse. Mai fassara yana zaune da alƙalami, jama'ar da za ta fara karanta aikinsa tana ƙarewa a gabansa.

Bayan wannan sai rigima da hukuma. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta son 'yan mishan a cikin biranen sarakuna, Miller kuwa ba mutum ne mai lanƙwasuwa ba. Yana da kaifin baki, ya yi ta sa-in-sa da jami'an gwamnati, da sarakuna, har da 'yan'uwansa na mishan. Ba za mu ce duk inda aka yi faɗa shi ne mai gaskiya ba, kuma bai kyautu mu koya wa ɗalibanmu cewa duk wanda ake ƙi don gaskiyarsa ake ƙinsa ba. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, ba da son ransa ba. A cikin wannan ɓacin rai ya ƙarasa aikin, tare da taimakon mutanen wasu ƙungiyoyi, irin su Andrew Stirrett na SIM. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta fitar da littafin cikakke. Miller ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Masu karatun da ba a zata ba

Nan ne tarihin ya fi ba da mamaki, nan ne kuma amsar tambayar "wa zai karanta?" take. Daga Schön har Miller, mai karatun da suke gani a zuci shi ne malamin birni, mai tawada da allo, na Kano ko Zariya ko Katsina. Dominsa aka yi ta muhawara ko a buga da ajami ko da boko, dominsa aka yi ta auna kalmomin addini ɗaya ɗaya. Irin wannan mai karatu kaɗan ne ya zo.

Waɗanda suka rungumi littafin su ne mutanen da Hausa ba harshen uwarsu ba ne: na tsaunukan Filato, da kudancin Zariya, da kudancin Bauci, da Adamawa, da bakin Binuwai. Kabilu masu harsuna barkatai suka sami harshe ɗaya na sujada da na makarantar Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da ikilisiyoyin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA a 1954, da sa'ad da aka kafa tarayyar da muke kira TEKAN a 1955, Hausar littafin 1932 ce ta riƙe su wuri ɗaya. Daga cikin waɗannan mutane ne masu bishara da yawa suka fito, suka hauro arewa da littafin a jaka. A tsakiyar shekarun 1930 aka ba SIM kula da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ƙofar da ta daɗe a rufe ta ɗan buɗu. Sannu a hankali bishara ta kai ga Maguzawa manoma na ƙauyukan Kano da Katsina da Zamfara, iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu. Littafin ya yi doguwar kewaya kafin ya iso hannun Bahaushe, ya kuma iso hannun Bahaushen da masu fassara ba su cika sa shi a lissafi ba.

Ko a Gimi ba a yi asarar kome da kome ba. Yaran da suka tsira sun yi karatu a makarantar mishan, daga zuriyar Isawa kuwa Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Aikin bai tsaya a 1932 ba. G. P. Bargery, mai babban ƙamusun nan na 1934, ya komo Kano a shekarun 1950 yana tsoho, idanunsa suna mutuwa, domin a sabunta fassarar Sabon Alkawari. Wajen 1980 sabuwar fassarar dukan littafin ta fito, da hannun 'yan ƙasa a ciki sosai. Yadda aka yi wa Schön gyara, haka aka yi wa Miller. Har yau akwai tsofaffi a cikinmu da suka fi son tsohuwar, domin da ita suka haddace ayoyi.

Namu rabon

Ƙasar nan ba baƙuwar alƙalami ba ce. 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, gari ne na malamai da littattafai tun kafin jihadin 1804. Maƙwabtanmu Musulmi suna da al'adar ajiye takarda da kwafe ta da hannu, mu da muke kiran kanmu mutanen Littafi ba mu kama ƙafarsu ba a wannan. Abin kunya ne, amma gaskiya ce: mun fi sanin ranar da Gowans ya mutu a Girku fiye da sunan mai bisharar da ya fara kwana a ƙauyenmu. Dalili kuwa ɗaya ne, su sun rubuta wasiƙu da littattafan tafiya, namu ba a rubuta ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Dattawan da suka ga baftismar fari a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suna ƙarewa. Waɗanda suka rage, da yawansu rashin tsaro ya tashe su, suna zaune a gidajen 'yan'uwa a Gusau ko Funtuwa, ikilisiyar da suka gina da hannunsu tana kulle. Idan ƙauye ya watse, littafin baftisma da na aure da na rahoton taron dattawa sukan bi shi. Shekara 30 nan gaba wani yaro zai tambaya ko an taɓa yin sujada a wuri kaza, amsar kuwa tana hannun wanda ya rubuta yau. Wannan yaro shi ne mai karatunmu, ko da ba a haife shi ba tukuna.

Ba littafin da za a kai maɗaba'a muke nufi da fari ba. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro sun isa. A zauna da tsoho ko tsohuwa, a bar su su yi magana da Hausarsu, kada a gyara musu ita ta koma ta wa'azi. A rubuta wa ya fara zuwa, daga ina, a wace shekara ko a zamanin wane hakimi, a gidan wa aka fara taruwa, me aka sha. A rubuta na zumuntar mata, domin a wurare da yawa su suka riƙe ikilisiya sa'ad da babu fasto. A rubuta har da abin da ba shi da daɗi, rabuwa da faɗan shugabanci, gama tarihin da babu laifin kowa a ciki ba mai gaskata shi. A kuma rubuta gaskiya game da shekarun nan: masifar 'yan bindiga ba ta tambayi addinin kowa ba, Musulmin Zamfara sun binne nasu da yawa ƙwarai, inda maƙwabci ya ɓoye maƙwabci ko ya ba shi masauki, a sa shi a takarda.

Darasin gobarar Crowther da Carey na aiki ne: kada rubutu ya kwana a wuri ɗaya. A yi kwafi biyu, ɗaya ya tafi ofishin gunduma ko hannun amintacce a wani gari. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, amma kada a dogara da waya kaɗai. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar nan a watan Satumba na 2021, aka yi makonni ba kira ba intanet, waya kuwa ita ce abu na fari da ake ƙwacewa a hanya. A yi hattara da abin da zai jefa wani cikin haɗari. Sunan wanda bai bayyana bangaskiyarsa a fili ba, ko na wanda ya kai kuɗin fansa, ba na takardar da za ta yi yawo ba ne.

Sai batun Dorugu da muka ce za mu komo kansa. Ya yi shekaru yana ba da Hausar bakinsa, sunan wani ne a kan bango, abin da muka sani game da shi kuwa mun san shi ne domin Schön ya yi adalcin rubuta labarinsa kamar yadda ya faɗa. Malamai da ɗalibai da yawa da suka zauna da Miller suna tace jimloli ba su sami ko wannan ba. Saboda haka idan dattijo ya ba mu labari, kuma ya yarda, a rubuta sunansa a saman shafin, da sunan ƙauyensu, da ranar da aka zauna da shi.